Yadda Na Kai Motata Tana Yoyo Har Keita

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a fada, majalisarmu ta hira, ba. Wannan ya ce, Arzika, da gaske ne ka yi dambe da mai magani a kasuwar Buza? Wancan ya ce shi ya ji har baƙin tuwon Yarbawa na ci na nemi ƙari. Na ba mutum biyar labari, kowanne ya tafi ya zuba nasa gishirin. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya daga tushe, wanda ya ƙara ko ya rage, shi da Allah.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Arzika mai pompo, garajina yana bakin gudro, wato kwalta, a Madawa, hanyar fita Ƙonni. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina buɗe pompon mota mai gazuwal, man dizal ke nan, pompo kuwa shi ne abin nan da ke auna mai yana tura shi cikin inji. An ce yabon kai jahilci ne, to ku sa ni cikin jahilai, don daga Galmi har Buza babu mai hannu irin nawa a wannan aiki. Kuma ban taɓa faɗin magana a kan mota aka dawo aka ce mini ba haka ba ne, sai bana.

A farkon damina Nomau, sarkin tashar Keita, ya shigo garajina da pompo uku a buhu da kwalba ɗaya a hannu. Ya ce tsofaffin motocinsu uku ne suka kama yoyo cikin wata guda, kuma dukansu wurin mutum ɗaya suke shan mai, wani Malam Ilu da ke sayar da gazuwal a bido, wato jarka, a gefen tasha. Na tsiyaya man a tafin hannu, na murza, na shinshina. Gazuwal ɗin da na sani duhu gare shi, yana da santsi a yatsa, warinsa kuwa sai Hajiya ta sa na yi wanka sau biyu. Wannan fari ne fes, ba maiƙo, ba wari. Ko minti ban yi ba na ce algus ne, an sirka shi da kalanzir, shi ya cinye musu juwan, robobin nan da ke toshe bakin ƙarfe don kada mai ya fita. Nomau ya miƙo waya ya ce in faɗa da bakina, mutanensa su ji daga gwani. Na gyara murya na faɗa, har da rantsuwa.

Abin da ban tambaya ba shi ne wane ne Malam Ilu. Ashe shi ne ladanin masallacin tasha, shekara goma sha tara yana kiran salla. Sandikar direbobi, wato ƙungiyarsu, ta ɗaure bakin durom ɗinsa da waya ta hana shi ciniki. Wannan duk mai sauƙi ne. Dattawan masallaci suka ce mai algus ba zai kira su salla ba, suka karɓi makullin ɗakin amsa-kuwwa daga hannunsa. Ni ko fuskarsa ban taɓa gani ba.

Wata biyu bayan haka na fito da safe na tarar da ƙasa ta jiƙe ƙarƙashin motata. Gwaggo nake ce mata, ta girmi 'yata ta fari, kuma ni kaɗai ke taɓa pomponta. Ba ta taɓa shan man bido ba, babban gidan mai kawai nake kai ta. Na ce tsufa ne. Kwana uku sai ga wata daga Sabon Gida da yoyo a wuri ɗaya, sai biyu daga Galma, duk tsofaffi, babu sabuwa ko ɗaya, kuma babu wadda ta taɓa taka Keita. Na zari man tankin Gwaggo na murza a hannu, sai na ga ashe shi ne dai farin man nan da na yi wa rantsuwa.

Wanzami ba ya son jarfa. Na ɗauki waya na yi wani saƙon murya mai sanyi-sanyi, na ce a dakata, wataƙila akwai wata magana a batun man Keita. Saƙona na farko cikin kwana biyu ya kai har Abijan wurin 'yan cin rani. Wannan na biyun ko Buza bai kai ba, 'yan kaɗan da suka ji shi kuwa suka ce dangin Ilu sun shafa mini wani abu a baki. Hajiya Rabi, matata, Ba'adara ce 'yar Allakaye, kuma ba ta iya zagaye-zagaye ba. Tana tankaɗe ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Malam, abin da bakinka ya ɓata, ƙahwarka ka gyara shi, ba waya ba."

Amma kafin in je in ce ba kalanzir ba ne, dole in san mene ne. Mutum ɗaya na sani da zai iya gaya mini, kuma shi ne wanda na fi ƙin tambaya a duniya: Baba Rasaki na Illela, can ƙetaren iyaka, Bayarbe haifaffen Sakkwato, mai teburin gwada pompo. Ni Bagobiri ne, kun kuwa san abin da ke tsakaninmu da Yarbawa. Na sayi kilishinmu na Madawa falle biyar, na cika kwalba da man Gwaggo, na shiga motar haya zuwa Ƙonni, daga nan na hau kabu-kabu.

Iyaka abin kallo ce. Namu jami'an suna karɓar karta, katin shaida, su ƙura mata ido kamar za su haddace ta, ba uffan. Na can kuwa surutu kamar sun san kakanka, kartar ko kallonta ba sa yi. Wani ya zaro kwalbata ya tambaya ko rubutu ne na sha. Na ce gazuwal ne. Ya shinshina ya ce in ji tsoron Allah da furfurata. Wallahi sai na ji daɗi, ashe ba hancina kaɗai ne aka yaudara ba. Kilishi dai falle uku ne suka isa Illela.

Baba Rasaki na hango ni ya miƙe yana shelar wai ga bawansa ya kawo gaisuwa. Na ce ai ubangiji ne ya zo duba yadda bayinsa ke kiwon dukiyarsa. Muka gama wannan, na ajiye kwalba a teburinsa, na ba shi labari ban ɓoye kome ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da na kai kan maganar ladanci sai dariyar ta tsaya.

Ya sauko da kwalabe biyu masu faɗin baki daga kanta, kowacce da juwan a jiƙe a ciki, su can sil suke ce masa. Ɗaya tsohon gazuwal ne mai duhu, ɗayar sabon nan fari. Ya zaro na cikin mai duhun ya sa a gurbinsa, ya zauna ɗam, ya cika wurin har ya ɗan ɗago. Na cikin farin kuwa ya shige ciki ya bar fili, har kana iya juya shi da farce. Ya ce man da ake tacewa yanzu ana wanke masa farar wuta don hayaƙinsa kada ya kashe mutane, a wurin wankin ne ake tafiya da abin da ke kumbura roba da kuma maiƙon da ke ba ƙarfe santsi. Tsohon juwan da ya shekara ashirin a kumbure, in ya rasa abin nan sai ya motse ya bushe. Nan take na gane, don na ga salka tun ina yaro: muddin tana jiƙe ba ta ɗiga, ranar da ta bushe ta ja jiki sai ɗinkinta ya buɗe.

"Man Malam Ilu ya hi naka na da tsabta, Bagobiri," in ji shi. "Laihinshi guda, ya riga kowa kawo shi garinsu."

Na tambaye shi magungunan da ake zubawa a tanki. Ya ce ɗan man babur irin wanda ake haɗawa da fetur, ko na kwalba na gaskiya, yana taimakon ƙarfen pompo don ya samu santsi, amma robar da ta mutu ta mutu. Masu zuba man birki kuwa, robar za ta kumbura kwana bakwai sannan ta narke ta toshe kome. Magani ɗaya ne, a sauya juwan da irin koren nan da ba ruwansa da kalar mai. Ya ƙirgo mini cikin tafin hannu.

A zaurensa na kwana. Matarsa ta kawo baƙin tuwon nan nasu da miya mai yauƙi, barkono kuwa kamar an yi fushi da ni. Na ci don kunya, ban nemi ƙari ba, wanda ya ce na nema ƙarya yake yi. Da safe aka kawo shayi a kofin da zai isa alwala, da madara da burodi, aka ce wai shi ne shayi. Na ce mu a wurinmu shayi sai an zauna, a dafa na ɗaya, na biyu, na uku, a 'yan ƙananan kofuna, ana hira. Ya ce shi ya sa ba mu da lokacin jiƙa juwan a kwalba. Na haɗiye wannan, don ya fi barkonon zafi kuma gaskiya ce.

Da na dawo Madawa yaran garaji suka kawo kile, sifanun kwance ƙarfe, za a gyara Gwaggo, na ce kada wanda ya taɓa ta. Na yi tunani a hanya: in na je Keita da baki kawai, za a ce an saye ni. Amma in na je da motata, wadda kowa ya san shekara shida rabonta da Keita, tana yoyo a wurin da nasu suka yi, na buɗe ta a gabansu, to gani ya kori ji. Na ɗaure gwangwanin tumatir da waya a ƙarƙashin pompo don ya tare ɗigon, na sa koren juwan a aljihun gaba. Hajiya ta ce ƙafata ƙafarta, dama ta daɗe ba ta ga gida ba. Ta shiga gaba da bokitin yashi tsakanin ƙafafunta, don mai na ɗiga kusa da inji mai zafi ba abin wasa ba ne.

Hanyar Buza ja ce mai ƙirƙira, irin wadda ke kwance haƙori. Kowane ɗan lokaci sai in tsaya, in buɗe kapo, murfin inji, in tace abin da gwangwani ya tara da tsumma in mayar tanki. Ba mu yi nisa ba gwangwanin ya faɗi, ban san inda ya faɗi ba. Na duba cikin mota, babu abin da ya yi daidai sai 'yar langar Hajiya da ta zubo mana yajin tsire. Ta ce langar nan tun ta aurenta ce. Na ce mutuncin musulmi ya fi langa. Ta juye yajin a leda ta miƙo mini, ta ce ashe na san da haka.

A wata tsayawar wasu manoma suka fito daga gona suka ba mu tumu mai zafi, gero ya nuna sosai bana a wajen. Wani Bafillace da ke kiwo a gefe ya tsaya yana kallona ina tace mai, ya tambaya cikin ladabi ko motar tatsarta ake yi kullum ko sai ta haihu. Manoman suka kwashe da dariya, ni ma na yi, ba yadda na iya.

Mun shiga Buza kasuwa na ci. Ina neman inuwar da zan tsaya sai na ji murya daga amsa-kuwwa tana cewa, wallahi tallahi wanga mai algus ne, ni Arzika na faɗa. Muryata ce. Na bi sautin na tarar da wani mutum a kan tabarma da kwalabe jajaye jere, yana sa saƙona, in ya ƙare sai ya ɗora da nasa: kun ji gwani ya ce man bana ya lalace, ga maganin yoyo daga ƙasar waje, murfi biyu a tanki. Direbobi na saye. Na ɗauki kwalba ɗaya na buɗe, man birki ne da man gyaɗa da ɗan jan garin rini.

Kaina ya yi zafi. Na ce ya kashe abin nan yanzu, ni ne Arzika, kuma ban ba shi muryata ya yi talla da ita ba. Ya dube ni daga hula har takalmi ya ce in rufa wa kaina asiri, shi ya san Arzika, dogo ne fari mai rawani, tare ma suka yi aikin hajji. Ku da kuka san gajartata kun san yadda kasuwa ta ɗauka. Dambe dai ban yi ba. Wayar amsa-kuwwar na fizge, shi kuma ya riƙe mini wuyan riga, Hajiya ta shiga tsakani da mayafinta tana ce masa ya saki mijinta ko ta tara masa Adar kaf. Allah ya kawo wani direba da na taɓa yi wa aiki, ya shaida ni. Na yi wa mutane bayani iyakar iyawata, na ce kada su zuba abin nan a tanki. Sai wani dattijon direba da ke riƙe da kwalbar da ya riga ya saya ya ce, "To malam, wacce za mu ɗauka, maganarka ta waya ko ta yau?" Na san kuwa ita ce tambayar da ke jirana a Keita.

Muka ratse zuwa Allakaye, gidan Yaya Hamidin, wan Hajiya. Ƙasar nan dutse ce a kan dutse, ban san yadda suke samun hatsi a cikinta ba, amma suna samu, kuma ba sa roƙon kowa. Rabin mazan garin suna Abijan ko wani wuri, mata ne ke riƙe da gona da gida. Gaisuwarsu kuwa sai ka nemi wurin zama: gida, gajiya, ruwa, bisashe, waɗanda suka tafi, waɗanda suka dawo, a sake daga farko. Aka kawo fura da rana, aka kawo fura da yamma, da safe ma fura, mai kauri da nonon da ya amsa sunansa. Na ce wa Hajiya a hankali ko tukunyar tuwon garin ita ma ta tafi cin rani ne. Ta ce Bagobiri da ciki ake gane shi. Gaskiya furar ta fi tamu, amma ban faɗa a gabansu ba.

Bayan sallar asuba Yaya Hamidin ya ja ni gefe. Mutum ne mai hankali, kuma don ƙaunata ya yi maganar. Ya ce in na isa Keita in wuce gidan Malam Ilu kai tsaye, in ba shi haƙuri tsakanina da shi, in bar sauran ga lokaci. Ya ce mai sana'a da sunansa yake ci, dattijo kamata ba ya kwance wa kansa zane a kasuwa, in na ce na yi kuskure a gaban direbobi gobe wa zai kawo mini pompo? Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni, har na ji sauƙi a ƙirjina. Hajiya na bayan danga tana wanke langarta da toka, ashe tana ji. Ta ce, "Yaya, a tasha anka karɓe mashi makulli, ba cikin ɗaka ba." Na tashi na karɓi langar, na je na ɗaure ta a wurinta.

Tsakanin nan da Keita an yi ruwa a kan duwatsu, wata ƙorama ta kawo ta tare hanya. Muka zauna jira tare da masu jakuna da wata motar itace, wani Buzu ya hura gawayi ya yi mana shayi na gaskiya. Da ruwan ya ja muka shiga, Gwaggo ta tsaya cak a tsakiya, sai da mutanen suka tuɓe takalma suka tura. Yoyon kuma ya ƙaru, ɗigo ya koma zirara, langa na cika kafin in gama addu'ar tafiya. Allurar mai ta kwanta. Juwan na aljihuna, aikin rabin awa ne, Hajiya ma da kanta ta ce ko in gyara kawai. Na ce ko a kai zan ɗauki motar nan, da yoyonta za ta shiga Keita. Gangaren ƙarshe a kashe na sauko da ita don tattalin mai, muka shiga tasha bayan azahar tana tari.

Nomau ya taso da murna, ya ce yau gwani da kansa a garinsu. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai fuskarsa ta sauya, don ba ni kaɗai zan ji kunya ba, shi ne ya ɗaure durom. Ya rage murya ya ce in bari shi zai san yadda zai yi a hankali. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya tara mini direbobi da dattawan masallaci, a kuma kira Malam Ilu. Aka same shi a gona. Ya zo da hauya a kafaɗa, ɗan tsamurmurin tsoho da ƙasa har gwiwa, ya tsaya can gefe, bai dube ni ba.

Na buɗe kapo na ce kowa ya matso ya gani. Na tambaye su ko akwai wanda ya taɓa ganin motar nan a Keita cikin shekara shida, ko ya ga ta sha man Malam Ilu. Babu. Na nuna musu inda take zuba, masu motoci ukun nan suka ce wurin ke nan. Na kwance murfin pompo a gabansu, kuma a nan kam na yi aiki irin wanda ake ba da labari, ko dunƙulen ƙarfe ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Na zaro tsohon juwan na lanƙwasa shi, ya karye ƙas kamar ƙuli-ƙuli. Na ba su suna ta miƙa wa juna, na gaya musu abin da Baba Rasaki ya nuna mini, ban ce ni na gano ba. Na sa koren na ɗaure.

Sannan na ce a kwance durom ɗin Malam Ilu. Nomau ya kwance da hannunsa. Na tsiyaye ɗan abin da ya rage a tankin Gwaggo, na cika ta da man da na yi wa rantsuwa, na tayar. Wani daga baya ya ce ƙasar tasha ai baƙa ce da mai, ko ta ɗiga wa zai gani? Gaskiyarsa. Ina sanye da farar shaddata da na sa don zuwa gidan surukai. Na cire ta na shimfiɗa ƙarƙashin inji, na tsaya daga ni sai 'yar shara. Na ji Hajiya ta ja numfashi daga inda mata suke.

Muka bar inji na aiki har mai shayin tasha ya dafa na ɗaya ya dafa na biyu. Na taka totur, na saki, na sake takawa. Hayaƙinta ma ya ragu, direbobi suka lura da kansu. Nomau ya durƙusa ya jawo rigar, ya ɗaga ta ga rana, ya juya gaba ya juya baya. Ban da ƙasar da ta kwasa babu ko ɗigo.

Na ce ya fito da wayar nan tasa, kowa ma ya fito da tasa. Na ce, "Ni Arzika na Madawa, ni na ce man Malam Ilu algus ne, na rantse a kai. Ƙarya na faɗa ban sani ba. Mai ya sauya, ni ban sauya ba, na auna sabon abu da tsohon hanci. Mutumin nan bai cuci kowa ba, ni na cuce shi. Wanda ya tura waccan maganar, ina roƙonsa don Allah ya tura wannan." Shekara talatin ban taɓa faɗin irin wannan ba, kuma abin mamaki, da na gama sai na ji na fi tsawona.

Malam Ilu ya sauke hauyarsa ya jingina da mota. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Ni ban san farar wuta ba, ban san juwan ba. Na san dai ban zuba komi ba. Na kuwa hwaɗi, ba wanda ya ji." Dattawan suka sunkuyar da kai, Nomau ya shiga sosa ƙeya yana neman abin faɗa.

La'asar ta kawo jiki. Mutumin da aka sa yana kiran salla a madadinsa ya dafa maƙogwaro ya ce shi yau mura ta kama shi, alhali yanzun nan na ji shi yana kiran fasinjan Tawa har ana ji a bayan gari. Liman ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa. Malam Ilu ya daɗe yana kallonsa kafin ya karɓa. Ya je ya wanke ƙasar gona daga ƙafafunsa, ya yi alwala, ya shiga ɗan ɗakin. Kabbarar farko ta fito a dishe, ta karye a tsakiya. Ya tsaya, ya sake ɗauka, wannan karon ta fita har masu awo a bakin kasuwa suka ɗago kai.

Na kakkaɓe rigata na mayar, duk jirwayen ƙasa, na tsaya can ƙarshen masallaci wajen takalma, don ban ga ina da fuskar shiga gaba ba. Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban sami bakin tambaya ba. Da ya gama iƙama sai ya waiwayo yana duba sahu, ya ratso mutane har inda nake, ya kama hannun rigata ya ja ni zuwa sahun farko bayan liman. Ya tsayar da ni kusa da shi, ya haɗa ƙafarsa da tawa, ya ce a hankali, "Matso, malam, ka bar giɓi."